Taku Bakwai a Bayan Madafi

Taku bakwai tsawonta, faɗinta huɗu,
a bayan madafi, gidanmu na Kurna.
Nan na kafe kuɓewa, na yafa alayyafo,
don Yankaba ta daina yanke min aljihu
duk ranar da aka ce babu kayan miya.

Da na bar masaƙar Bompai na ce na huta.
Ashe sabon aiki ne, babu albashi,
mai gadin kuma ni ne, dare har safiya.

Ƙadangaru suka fara kawo gaisuwa.
Jan gwada ya hau katanga yana gyaɗa kai
kamar dillalin da ya ga kaya ya yaba.
Kafin azahar ya bi dashen tumatir
ya bar min shi tsaye kamar tsinken tsintsiya.

Tsutsa kuwa ba ta sallama.
Ƙarƙashin ganye take kwana, koriya shar,
ta yi wa alayyafo ƙofofi
sun fi na ganuwar birni yawa.
Na ɗaga ganye ɗaya, na hango sama ta ciki.
Lantana ta leƙo ta taga tana dariya.

Ta ce, "Malam, kakata a Ɗambatta
toka take barbaɗawa kan raɓar asuba."
Na kwaso toka. Na daka barkono da tafarnuwa,
na tace da tsohon ɗankwalinta,
na yi ta atishawa har maƙwabta suka yi min sannu,
na ƙara da ɗacin ganyen darbejiya.

Tsutsa ta ragu, sai rami ya bayyana
gindin katanga, sabuwar ƙasa a tule.
Dankalin da nake ƙirga wa kwana
an yi masa rabon gado cikin dare.
Ɗanliti mai shago ya duba sawu, ya ce gafiya.

Na ari tarkonsa, na ɗana da ƙuli-ƙuli.
Ran na huɗu na fito da fitila da taɓarya:
tarko a kife, ƙuli ya tafi,
a gefe wata 'yar ƙaya tana kiwon tsutsa,
ta gan ni ta dunƙule. Bushiya.

Na ɗaga taɓarya, hannu ya ƙi sauka.
Ashe tare muke gadin ban sani ba,
ita ba toka, ba barkono, ba atishawa.
Na mayar da taɓarya jikin turmi,
na ce mata ta kwana lafiya.

Akuyar Tasalla ba ta cikin lissafi;
tun da ta cinye zogale har ɓawo
ake neman wanda ya kwance igiya.

Ranar da fara ta sauka, jikata Ummita
ta rufe su da yagaggen gidan sauro,
ta cika kwano, ta fige fiffike,
aka soya da yaji da lemon tsami.
Ta ce, "Sun ci namu, mun ci su, canjaras."
Ban taɓa jin hukunci ba mai wannan gaskiya.

Yanzu in na yafa iri nakan ƙara ɗan hannu:
wannan na jan gwada, wannan na mai ramin
da har yau ban ga fuskarta ba.
Abin da ya saura Lantana ta tsinka da yamma,
kuɓewa tara, ganye rabin faifai.
Bai isa a kai kasuwa ba,
amma ya yi yauƙi a tuwon daren jiya.