Idon Wayar Inna

Wata bakwai ke nan Mannir na kira daga Fatakwal
yana gaida inuwa.
"Inna, ke ce, ko labule ne?"
Ita tana ganin sa tar, har tabon goshinsa,
shi kuwa sai fari-fari, kamar an shafa koko a madubi.
Tun ranar da wayar ta sulɓe cikin ruwan wanke-wanke
idonta na gaba ya yi yana.

Mai gyara a Ƙofar Ƙaura ya ce dubu goma sha biyu,
kuma a bar masa ita kwana uku.
Inna ta ce wayarta ba ta kwana gidan wani.
Sai na sayo idon kawai, a 'yar leda,
bai kai ƙwayar wake ba,
da wutsiya siririya kamar ɓawon albasa.

Ni tela ce.
Na ce hannun da ke zura zare a allura
da magariba, ba tabarau,
ba zai ji tsoron wannan ba.
Cika baki ne. Ya ji.

Bayan la'asar na share kan keken ɗinki,
na shimfiɗa farin ƙyalle,
na kashe ta, na zare layi.
Babu wuta tun jiya, sai dutsen guga na gawayi.
Na naɗe shi a tsumma, na ɗumama bayanta
har gam ya saki jiki,
na cusa tsohon katin banki ta gefe
ina bi sannu-sannu,
kamar mai farke ɗinkin kuskure
a shaddar da ba tata ba.

Ta buɗe.
Ashe unguwa ce guda a ciki,
lunguna, 'yan ɗakuna, ba mai tari.

Kusoshi goma sha ɗaya, kowace ƙwayar riɗi.
Na jera su a faranti yadda suka fito.
Zayyanu, ɗan ƙanwata, ya leƙo ya yi atishawa,
ɗaya ta yi tsalle.
Muka duƙa nema.
Kaza ta riga mu.

"Batir za ki fara cirewa," in ji yaron shago,
har sau biyu ya ja kunnena.
Na cire. Na riƙe numfashi.
Da hantsaki na ɗago tsohon idon,
na kwantar da sabon a gurbinsa,
na danna wutsiyar da bayan farce
sai da ta ce ƙas,
ƙarar da ba ta kai ta ƙuma ba,
amma na ji ta har a haƙori.

Kusa goma na mayar. Allah Ya riƙe ta sha ɗayan.

Ta kawo haske.
Na miƙa wa Inna, ina jiran a sa mini albarka.
Ta duba. Ta nesanta. Ta sake matsowa da ita.
"Barira, wace tsohuwa kika saka mini a ciki?"
Ta taɓa kuncinta, ta ciki ma ta taɓa.
"Wancan na dā ya fi kunya.
Wannan ba ya ɓoye komai."

Ta tashi ta sa tozali,
ta sauya kallabi sau biyu,
ta zauna inda hasken ƙofa ke faɗowa.

Da Mannir ya kira
bai yi sallama ba.
Ya yi shiru, mu ma muka yi.
Can ya ce, "Inna, kin rame."
Ta ce, "Wayar ce."
Ya ce, "Ina nan tafe ƙarshen wata."
Ta ce, "Ka taho da kifi."

Tsohon idon yana nan cikin kwalin ashana,
a aljihun keke, tare da maɓallai.
Na kasa yar da shi.
Wata bakwai ya yi yana rufa mana asiri.