Sakata

Ni ke karɓar kuɗin ƙofa a gidan kallon Bappah Giɗaɗo,
nan Bolari, bayan masu facin taya.
Ɗari biyu ka shiga. In babu,
leƙa ta hujin kwano, ni ban gan ka ba.

Nan na fara ganinsa, wata Asabar da la'asar,
yaro ɗan Ingila, shekara sha tara, dogo kamar gwangwala,
kunnuwa jajawur don sanyi.
Sunansa ya ƙi zama a bakinmu,
na ce, "Ku kira shi Sakata."
Aka yi dariya. Suna ya bi shi.

Minti na saba'in ya sa kai zai kore,
ƙwallo ta goge shi ta faɗa ragarsu.
Benci ya kife da ihu,
Manu mai shayi ya ce a mai da shi gona.
Ni ban ce uffan ba.
Na ga da ƙafarsa ya shiga raga ya ɗauko ta,
ya miƙa, bai dubi kowa ba.

Ni ma lamba huɗu na goya a zamanina,
filin firamaren Herwagana,
takalmi ɗaya mu biyu da Jungudo, shi hagu ni dama.
Shekara tara ina share gida,
ba a taɓa ɗaga ni a kafaɗa ba.
Gwiwar nan mai gaya mini hadari tun sama na wasai,
ita ce kofin da na kawo gida.

Sai suka ba da shi aro.
Rukuni na uku, garin da tasharmu ba ta nunawa.
Na riƙa saya wa Yerima ɗan ƙanwata kati
yana duba mini a waya:
ya buga, ya buga, katin gargaɗi, ya buga,
sannan shiru.
"Jijiyar gwiwa ce, Kawu. Wata goma."
Daren nan na mulka wa tawa man zafi
kamar shi zai ji sauƙi can.

Yara suka manta da shi.
Su masu ci suke so,
askinsu suke yi, rawarsu suke kwaikwayo.
Je ka layin 'yan gwanjo ka tambaya
yaushe rabon a sayi rigar ɗan baya.

Bana ya dawo. Ya yi kauri, ya ajiye ɗan gemu,
ga ɗinki a gwiwa kamar bakin buhun masara.
Wasan ƙarshen kaka, canjaras ya ishe su tsira.
Minti tamanin da tara, bugun kwana,
gola ya fito ya rungumi iska,
ƙwallo na gangarawa layi,
janareta ya yi tari biyu ya mutu.

Duhu. Ashar. Hasken wayoyi.
Bappah na ɗura mai da mazurari, hannu na kakkarwa.
Da hoto ya dawo an riga an tashi,
ba ci a saman allo, ko nan ko can,
shi kuwa yana zaune kan ciyawa, laka har wuya,
yana kwance igiyar takalmi.

Ba mu ga abin da ya yi ba.
Ana shirin maimaitawa Bappah ya canza tasha,
wai can ana zura ƙwallaye.

To, haka aikin yake.
Ɓarawon da ya taɓa ƙofa ya ji ta gam ya juya,
wa ke ba da labarinsa da safe?
Mutanen gida sun kwana lafiya, sun nemi koko.

Na ƙirga kuɗin ƙofa, ɗari huɗu ba su cika ba,
gobe Bappah zai cire a nawa.
Na share ɓawon rake, na tayar da benci,
na ja ƙyauren kwano na zura masa ƙarfensa,
na girgiza sau biyu in ji ko ya kama,
na ɗingisa gida.