Sankara

An ce a wasu ƙasashe maza kan haɗu da asuba,
su ba juna baya, su ƙirga taku goma,
wanda ya rage a tsaye shi ke da gaskiya.
Ni ban ga wannan ba.
Abin da na gani a Kumasi, ina 'yar shekara tara,
goro ne, da mata biyu, da tabarma ɗaya.

Kakata Fusaina, 'yar mutan Salaga,
da Azara mai wushirya, ta Aboabo,
shekara ashirin rumfa na jingine da rumfa,
gaisuwarsu harara, sallamarsu tsaki.
Ran wata Laraba Azara ta ce da mai saye,
da muryar da ta isa har layin masu atamfa:
"Kauce wa huhun can, sankara ta yi gari a ciki."

Kaka ba ta yi zagi ba.
Ta tamke ɗankwali, ta ce, "Gobe da hantsi.
Ki ci nawa, in ci naki.
Ba kurɓar ruwa, ba tofarwa.
Wadda aka ga tsutsa a goronta
ta naɗe buhunta ta bar Kejetiya."

Maame Adwoa mai busasshen kifi aka ba alƙalanci,
don ba ta cin goro,
Hausarta kuma ba ta wuce ta ciniki ba.
Ni aka ba riƙon takalma.
'Yan dako suka sauke kaya,
wani direba ya kashe mota da fasinja a ciki.

Ƙas, fari. Ƙas, ja.
Kowacce na tona kwandon 'yar'uwarta har gindi,
tana shinshina, tana neman mai tabo.
Na biyar, leɓe ya rine.
Na tara, gumi ya tsattsafo, hannu ya soma kaɗawa.
Maƙogwaro ya bushe kamar tsohon ganyen fita,
ba wadda ta dubi randa.

A na sha huɗu Kaka ta ɓare wata marsa.
Ina tsugune gefen gwiwarta, na gani:
baƙin rami, da 'yar farar aba tana miƙa.
Ga nasara nan tana motsi a tafin hannu.
Azara ma ta gani.
Muƙamuƙinta ya tsaya cak.

Kaka ta haɗe ɓarin biyu,
ta jefa a baki,
ta tauna a hankali, idonta cikin na Azara,
ta haɗiye.

Da aka kira azahar Maame Adwoa ta gaji,
ta ɗaga hannayensu duka biyu, ta koma kan kifinta.
Masu caca suka watse suna ƙunƙuni.
Kwana uku ba wadda ta runtsa,
kana jin Kaka tsakar dare tana sharar da ta riga ta share.
Ran Litinin suka buɗe rumfa, suka ɗora tsaki inda ya tsaya.

Sai ranar da muka dawo daga ta'aziyyar Azara na tambaye ta.
Ta daɗe tana murza wani daushe a hannu.
Ta ce, "Ke, abokiyar gaba ba gishiri ba ce
da za a aike ki ki sayo.
Shekara ashirin na yi ina renon wannan."

Na ce, to ɗanɗanon fa?
Ta ce, "Ɗaci, kamar kowane goro.
Sai an sha ruwa a baya ake jin zaƙin."