Rigar Bana

Mura ta sake kama Baba Tanimun
a rumfarsa ta ɗinki, bakin kasuwar Dole.
Ya ce, "Laure, ba bara na gama da ita ba?"

Daga asibiti nake, ko takalmi ban tuɓe ba.
Na ce, Baba, ƙwayar nan marubuciya ce mai gaggawa,
dare da rana tana kwafar kanta,
ba ta waiwayar abin da ta rubuta.
Nan ɗigo ya faɗi, can wasali ya juye.
Dubu su mutu da kuskurensu,
guda, kuskuren ya zame mata sabuwar riga.

Masu gadin jininka
kamannin bara suka haddace.
Ta yi musu sallama,
har suka amsa.

Ya yi atishawa, ya lashi bakin zare:
"Ashe ita ma tela gare ta."