Haƙorin Inji

Da daro ɗaya kakana ya zo Jos.
Shekara goma sha ɗaya yana wankin kuza a Bukuru,
ƙafa cikin ruwan sanyi, baya a lanƙwashe,
har ranar da kamfani ya kawo injin da ke haƙa da kansa,
mai dogon wuya kamar raƙumin dawa.
Kafin la'asar an sallami rabin layinsu.

Bai koma Ringim ba.
Ya zauna bakin rami kwana uku yana kallon abokin gaba,
sai ya lura dodon na cin ƙusoshi kamar gyaɗa.
Ya hura wuta a Dilimi, ya fara ƙera ƙusa.
Da kuɗin ƙusa aka sayi ragon sunan babana.

Ni na gaji maƙera, na ƙara da walda.
Shekara talatin ina fiƙe haƙoran inji da magagari,
ido ne ma'aunina, bai taɓa ba ni kunya ba
sai bana.

Kaneng ta zo daga Zawan, injin saƙar suwaita a ka.
Haƙori ɗaya ya karye, na roba,
bai kai ƙwayar wake ba.
Kamfanin da ya yi shi ya rufe tun ina saurayi.
Makarantu uku na jiran rigunan sanyi,
ta karɓi kuɗi, ta sayi zare da shi.
Na gwada ƙarfe, ya cinye mata allura.
Na gwada ƙahon sa, ya dare a hannuna.
Na ce, baiwar Allah, yi haƙuri.

Zuwaira na gefe, 'yar ƙanena,
wadda na yi wa faɗa wata biyu
don ta kwashe adashinta ta sayi wani akwati
da ba ya dafa abinci, ba ya ɗinki.
Ta ɗauki gutsuren, ta auna, ta zana a kwamfuta.
Akwatin ya fara kuka ƙasa-ƙasa kamar gyare,
yana zuba narkakkiyar roba, layi bisa layi,
yadda zanzaro ke gina ɗakinsa a jikin bango.
Shayina bai gama hucewa ba
haƙori ya fito.
Kaneng ta saka, ta ja hannun inji,
zare ya bi hanya.

Daren nan ban runtsa ba.
Na ga magagarina rataye a ƙusa,
na ga kaina cikin layin la'asar.

Da safe na tafi don in ƙara kallon abokin gaba.
Na tarar an ɗauke wuta, aiki ya tsaya a rabi,
Zuwaira na cizon yatsa.
Ta ce, Baffa, ina son ƙafafun da za su riƙe faifan sola a rufi,
ina son tebur da ba ya rawa.
Kuma masu injin ɓarzar acca sun zo,
roba ba ta jure musu,
in na buga siffar, za ka dasa ta a yashi ka zuba dalma?

Na ce, alminiyam dai, yarinya, dalma ta yi laushi.
Ta rubuta.

Yanzu rumfarmu biyu, bango ɗaya.
Ita ta zana, ni in narka.
Ɗanliti da Pam na bin Farin Gada da buhu
suna sayen robar ruwa da aka yar, ana mai da ita zare.
Jiya wani ya aiko hoton karyayyen abu daga Shendam
ya ce nawa ne, yaushe zai samu.

Har yau ban san yadda ake kunna akwatin ba.
Amma na lura bakinsa na toshewa duk sati biyu,
ɗan bakin tagulla ne, daga waje ake odarsa.
Na ɗauki guda na sa a aljihu.
Gobe zan hura wuta da wuri.