Fiffike a Ƙarƙashin Leda

A bayan tirela aka kawo ta,
ba ta taka titin Gombe da ƙafarta ba.
Ja ce wur, ƙofa biyu,
cikinta na shafar ƙasa kamar kadangare a kan falalen dutse.
Bappayo ya miƙo makulli yana kallon faratana,
ya ce, "Ka sa mata ledar nan da ba a gani.
Tsakuwar hanyar Kumo ba ta san tsada ba."

Muka rufe gareji, ni da Yila.
Wanka uku muka yi mata,
na bi jikinta da tafin hannu, ido a rufe,
don yatsa na kama abin da ido ke yafewa.
Yila ya yayyafa wa daɓe ruwa, ya kashe fanka,
muka yi tsit kamar masu jiran likita.

Ruwa a kwalbar feshi,
sabulun jarirai ɗigo huɗu, ba a ƙarawa.
Na jiƙa bonet, na jiƙa yatsuna,
muka ɗago ledar, kowa da kusurwarsa,
tana rawa tsakaninmu kamar yanar madara,
muka kwantar da ita.
Muddin tana kan ruwa tana jin magana:
ja nan kaɗan,
saki,
tsaya haka.

Sai faifan roba, daga tsakiya zuwa baki,
layi bisa layi, kamar ɗan ƙwadago a gonar mai faɗa.
Kumfa na gudu, ina korar ta har gaɓa.
A lanƙwasar fitila leda ta yi gardama,
na hura mata zafi, ta sauko, ta bi.
Reza kuwa,
a kan fentin da ya fi ɗakinmu na Bolari kuɗi,
numfashi ake riƙewa kafin a ja ta.

Da magariba aka yi ruwa,
irin na farkon damina mai ta da ƙamshin ƙasa,
mai fito da gina daga ramukanta.
Ta ina ta shigo, ban sani ba.
Na dai haska tocila don dubawar ƙarshe,
sai ga shi a tsakiyar bonet:
fiffike guda, siriri, jijiyoyinsa a baje,
kwance tsakanin ja da leda
kamar wani ne ya ajiye shi da gangan.

Yila ya ce, "Wa zai gani? Sai wanda ya durƙusa."
Gaskiya ya faɗa.
Na lissafa mita biyu daga naɗin da na sayo a Legas,
na cire daga ladana,
saura bai kai kuɗin man janareto ba.
Inna ta faɗo mini a rai, ita da kujerunta,
shekara tara cikin ledar kanti,
har ta koma ba ta ji laushinsu ba.
Ban san me ya kawo ta ba.

Na sa farce a kusurwa, na ɗaga.

Sai biyun dare muka gama.

Da hantsi Bappayo ya zagaya ta sau biyu,
ya durƙusa, ya leƙa, ya shafa,
ya ce, "To ina aikin? Ni ban ga komai ba."
Yila ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.
Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a,
ba a taɓa yabona haka ba.

Wadda na ɓare ban yar ba.
Na yanko faɗin tafin hannu,
na manna a tankin babur ɗina,
inda fenti ya daɗe da sallama.
Fiffiken na nan.
In rana ta doke shi a Tashar Dukku sai ya yi ƙyalli,
'yan acaɓa su matso,
suna tambayar inda na sayi sitika.