Babban Yatsa

Kunne ne ya fara dawowa.
Na ji fanka, na ji Asantanci a bakin ƙofa,
wata na kukan tsadar doya a Kejetia.
Na so in tanka, harshe ya ce ba ya nan.

Ni Sahabi, telan Asawase,
shekara talatin ina taka keke,
yau fatar ido ta gagare ni ɗagawa.
Na tuna an ce mamaci
yana jin masu wankansa.

Sai sanyin waya a wuyan hannuna,
lantarki ya ƙwanƙwasa sau huɗu.
Babban yatsa ya amsa na fari, na biyu da ƙyar,
sauran ya yi musu kunnen uwar shegu.
"Da saura," in ji Nas Boatemaa,
"maganin bai sake shi ba."

Ta tura allurar kwance ɗauri,
ta haɗa da mai tsaron zuciya,
ta tsaya kallon agogo.
Inji na ba ni numfashi bashi.

Kamar zaren da ya sarƙe a ƙoshiya
aka lallaɓa shi ya warware,
huɗun suka amsa kai ɗaya.
"Baba, matse hannuna. Ɗaga kai. Riƙe."
Wuya na rawa, na riƙe har biyar.

Aka zare bututu, na yi tari.
Wannan iskar, ni na jawo ta.

Fuseina na waje da kokon
da ba za a bar ni in sha ba.
Na ce a ɗaga min zane tukuna,
in ga ɗinkin cikin nan
ko layinsa ya miƙe.